FASHIN BAƘI: Abin da ya sa yaron Hausa ke cewa “sitof” maimakon “stop”, da yadda malami zai kwance masa ƙullin

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta janye manufar koyar da yara da harshen uwa, ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga matakin farko. Manufar da aka soke shekararta uku kacal: a ƙarshen Nuwamba 2022 majalisar zartarwa ta amince da ita, zamanin minista Adamu Adamu, kuma ta tanadi a yi wa yaro shekara shida na firamare da harshen da ya tashi da shi. Ministan ya kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Masu adawa da matakin suka ce shekara uku ba ta isa a yanke wa manufa hukunci ba, balle wadda ba a samar mata da littattafai da malamai ba.

Muhawarar ta yi zafi a kafofin sada zumunta, sai dai mafi yawanta a sama take shawagi, ba ta sauko cikin aji ba. Ko ma wane ɓangare ne ya yi rinjaye, akwai ranar da yaro ɗan shekara shida ko bakwai a Gusau, ko Haɗeja, ko Azare, zai ga kalmar “stop” a kan allo, a ce masa ya karanta. Zai ce “sitof”. Abin da malami ya yi da wannan amsa yana cikin ƙananan abubuwan da ke raba yaron da zai iya karatu da wanda zai gama aji shida yana haddar abin da ba ya iya ganewa a takarda.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara ’yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Irin wannan giɓi ba a jarrabawar gama sakandare yake farawa ba. Yana farawa ne a aji ɗaya da aji biyu, a kan kalmomi masu harafi huɗu.

Mene ne cunkoson baƙaƙe?

Masana tsarin sauti suna kiran abin da cunkoson baƙaƙe, wato baƙi biyu ko fiye su jeru a cikin gaɓa ɗaya ba tare da wasali ya ratsa tsakaninsu ba, kuma a ji sautin kowane ɗaya. A kalmar “stop” ana jin s, ana jin t, sannan wasali ya biyo. Haka “black” da “drum” da “frog” suke a farkonsu, haka “hand” da “milk” da “desk” suke a ƙarshensu. Turanci yana yarda baƙi uku su buɗe kalma, kamar a “street” da “split”, kuma duk inda hakan ta faru s ne ke kan gaba. A ƙarshen kalma kuwa yakan kai huɗu, kamar yadda ake furta “texts”. Da wuya a buɗe shafin littafin yara na Turanci ba a ci karo da irin waɗannan kalmomi ba.

Hausa ba haka take gina gaɓarta ba. Siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, kamar “ci” a ciki, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar “ra” a rana da “kai”, sai baƙi da wasali da baƙi, kamar “sar” a sarki. Kowace gaɓa da baƙi ɗaya take buɗewa, kuma baƙi ɗaya ne iyakar abin da zai rufe ta. Hatta kalmomin da a rubuce suke farawa da wasali, irin ido da aiki, akwai hamza a gabansu wadda ƙa’idar rubutu ta ce kada a rubuta. Inda aka ga baƙi biyu a jere a tsakiyar kalma, kamar a kasko ko sanda, gaɓa biyu ce ta haɗu: ɗaya ya rufe ta farko, ɗaya ya buɗe ta biyu.

Shaidar wannan doka tana bakin kowa, a kalmomin da Hausa ta aro. “Bread” ya zama burodi, “driver” direba, “glass” gilashi, “block” bulo, “skirt” siket, “scale” sikeli, “primary” firamare. Ko sunan ƙasar Faransa haka aka yi masa. Duk inda baƙi biyu suka cunkushe, Hausa takan saƙala wasali ta raba su. Saboda haka yaron da ya ce “sitof” ba daƙiƙi ba ne. Dokar harshensa ya bi, ya kuma bi ta daidai, kamar yadda kakanninsa suka bi ta ranar da suka fara ganin mota da sitiyari. Ba Bahaushe kaɗai ke haka ba: mai harshen Sifaniyanci yakan sa wasali a gaban s, Bajapane kuma yakan mayar da “strike” mai gaɓa ɗaya “sutoraiku” mai gaɓa biyar. Yaran Ingila ma suna tuntuɓe a nan, sai dai su yar da ɗaya baƙin suke yi, su ce “poon” a wurin “spoon”.

Tarkon tagwayen baƙaƙe

Akwai wani ruɗani na biyu, wanda ke samun yaron da ya riga ya fara karatun Hausa. A rubutun boko akwai tagwayen baƙaƙe: sh, ts, kw, ky, ƙw, ƙy, gw, gy da fy. A ido harafi biyu ne, a kunne sauti ɗaya. “Gy” na gyaɗa sauti guda ne, haka “ts” na tsuntsu da “kw” na kwana. Yaro ya koyi cewa idan ya ga baƙi biyu a farkon kalma, dunƙule su ake yi. Ya zo Turanci ya tarar wannan ilimi yana aiki a kan “sh” na “ship”, amma ba ya aiki a kan “sl” na “slip”. Ƙari a kan haka, “ts” na “cats” ba shi ne na tsuntsu ba, harafin c kuma, wanda ya sani a cokali, a “clap” sautin k yake bayarwa.

Idan malami bai san da wannan bambanci ba, ba zai iya faɗa wa yaro ba, yaron kuwa ba shi da hanyar gano shi da kansa. Nan ne amfanin Hausa ya bayyana ko da a ajin da aka ce Turanci ne harshen koyarwa. Jimla ɗaya da Hausa, cewa “waɗannan biyun murya ɗaya suke yi, waɗancan kuwa kowa da muryarsa”, tana iya gajarta aikin makonni.

Abin da bincike ya nuna

A ƙasashen da Turanci ne harshen gida an daɗe ana jayayya kan yadda ya kamata a koyar da karatu, tsakanin masu cewa yaro ya haddace siffar kalma gaba ɗaya da masu cewa a koya masa sautin kowane harafi da yadda ake harhaɗa su. Kwamitin nazarin karatu na ƙasa da Amurka ta kafa ya fitar da rahoto a 2000 yana cewa koyar da sautuka daki-daki, bisa tsari, ya fi amfanar masu fara karatu. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 ya kai ga irin wannan matsaya, kuma tun 2012 ake yi wa yara ’yan kimanin shekara shida gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma’ana, don a tabbatar karantawa suke yi ba hadda ba.

Wani darasi daga can yana da muhimmanci a nan. Jagoran koyarwa da gwamnatin Ingila ta fitar a 2007 ya ware mataki guda don baƙaƙen da ke jere, kuma a matakin ba a gabatar da sabon harafi ko ɗaya. Ma’ana, ba a buƙatar yaro ya haddace “bl” da “br” da “st” a matsayin sababbin abubuwa masu yawa. Wanda ya san b ya san l, abin da ya rage masa shi ne ya iya jera su ba tare da ya raba ba. Binciken da Selenid Gonzalez-Frey da Linnea Ehri suka wallafa a 2021 ya ƙara nuna cewa yaran da aka koya wa jan sautuka a haɗe, ba tare da tsayawa a tsakaninsu ba, sun fi iya karanta sababbin kalmomi fiye da waɗanda aka koya wa yanka su ɗaya-ɗaya. Ga yaron Hausa wannan ya fi muhimmanci, domin a daidai wurin tsayawar nan ne wasalin ke samun ƙofar shiga.

Ayyuka bakwai da malami zai iya yi ba da kuɗi ba

Kafin komai, sharaɗi ne yaro ya san sautin haruffa ɗaiɗaiku, ya kuma iya karanta kalmomi masu harafi uku irin “top” da “lip”. Wanda bai kai nan ba, a koma da shi baya. Ga wanda ya kai, ga abin da za a iya yi da alli, da ƙasa, da marafan kwalba.

1. A ɗaure baƙin

Yara da yawa suna zuwa boko bayan sun fara makarantar allo ko Islamiyya. A can sun bi ta babbaƙu da farfaru, sun san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu’a, sun kuma san ɗauri, ɗan da’irar nan da ake sa wa baƙi don a nuna babu wasali a bayansa. Wannan shi ne ainihin abin da malamin Turanci ke ƙoƙarin koyarwa, kuma yaron ya riga ya san sunansa. Sai malami ya rubuta “stop”, ya sa ɗan da’ira a kan s, ya ce: “Wannan ɗaurarre ne.” Abin da zai zama sabo ga yaron shi ne wurin da ɗaurin ya zo, domin Larabci ma ba ya buɗe kalma da ɗaurarren baƙi. Bayan ’yan kwanaki sai a daina sa alamar.

2. A saci wasalin ƙarshe

Cunkoson ƙarshen kalma ya fi kusa da bakin Bahaushe fiye da yadda ake zato. Malami ya rubuta sanda, yara su karanta. Ya rufe wasalin ƙarshe da tafin hannu, ya ce su sake karantawa su tsaya inda hannunsa ya fara. Abin da zai fito shi ne “sand”, kalmar Turanci mai ma’anar yashi. Banki ya ba da “bank”, tanki ya ba da “tank”, taska ta ba da “task”. Daga nan a wuce zuwa “hand” da “land” da “desk” da “mask”. Da farko a bar su su furta wasalin da raɗa, sannan su haɗiye shi gaba ɗaya.

3. A nemo cunkoson a cikin sunaye

Don cunkoson farkon kalma sai a juya dabarar. Akwai “sk” a iska, “sm” a Usman, “sn” a Husna, “sl” a Islamiyya, “br” a Ibrahim, “bl” a alƙibla. Yara su faɗi kalmar da ƙarfi, sannan su sake faɗa suna raɗa gaɓar farko har ta ɓace: iska ta koma “ska”, daga “ska” a tafi “skip” da “skin”. Usman ya koma “sman”, a tafi “smell”. Idan akwai mai sunan a cikin ajin, shi ne zai riƙe katin ranar. Haka kuma “kw” na kwana yana da kusanci da farkon “quick” da “queen”, don haka waɗannan sukan zo da sauƙi.

4. A fara daga baya, a ja sautin

Ba dukkan baƙaƙe ke da wuya iri ɗaya ba. Ana iya jan s da f da m da n da l muddin akwai numfashi, amma b da d da g da k da t fashewa suke yi nan take, kuma da wuya a furta su ba a jingina musu wasali ba. Saboda haka a fara da masu janyuwa. Malami ya rubuta “lip”, yara su karanta. Ya ƙara s a gaba, su ja shi kamar hucin maciji, su zame cikin “lip” ba tare da sun ɗauke numfashi ba. Haka “nap” zai zama “snap”, “lap” ya zama “flap”, “top” ya zama “stop”. Sai bakin ya saba sannan a shiga masu fashewa: “lock” zuwa “block” da “clock”, “rip” zuwa “trip” da “drip” da “grip”. Masu baƙi uku, irin “strip”, su ne na ƙarshe.

5. A tafa kalma a harsuna biyu

Malami ya ce burodi, yara su tafa sau uku. Ya ce “bread”, su tafa sau ɗaya. Gilashi uku, “glass” ɗaya. Bulo biyu, “block” ɗaya. Direba uku, “driver” biyu. Hannu yana gaya wa kunne abin da bai lura da shi ba, wato cewa ƙarin wasali ƙarin gaɓa ne. Wajibi ne a nan malami ya faɗa ƙarara cewa burodi ba kuskure ba ne, cikakkiyar Hausa ce. Riga biyu ce, kowace da wurin da ake sa ta. Yaron da aka nuna wa cewa harshen gidansu karkataccen Turanci ne, bakinsa yakan mutu a aji.

6. Akwatunan sauti da ɗan kutse

Wannan dabara ana jingina ta ga Daniil Elkonin, masanin halayyar yara na tsohuwar Tarayyar Sobiyat. A zana akwatuna a jere, a takarda ko a ƙasa, yaro ya tura marfin kwalba ko tsakuwa ɗaya cikin akwati ga kowane sauti da ya ji. A fara da Hausa: gyaɗa harafi biyar ce amma akwati huɗu, domin “gy” akwati ɗaya yake ci. Sannan a zo Turanci: “ship” akwati uku, “slip” akwati huɗu. Nan yaro zai ga bambancin tagwayen baƙaƙe da cunkoso da idonsa.

Ana iya mayar da shi wasa. Yara huɗu su fito gaban aji riƙe da katunan s, t, o, p, na farko da na biyu su haɗa kafaɗa. Na biyar, mai riƙe da katin i, shi ne ɗan kutse: ya lallaɓo zai shiga tsakanin s da t, ajin su hana shi. Wata rana kuma a bar shi ya shiga don su ga ɓarnar da yake yi: idan e ya ratsa “blow”, kalmar ta koma “below”, ma’ana ta sauya daga hurawa zuwa ƙasa.

7. Shifta da ɗan gajeren labari

Karatu da rubutu tare suke tafiya. A ƙarshen darasi malami ya yi shiftar kalma biyar, yara su rubuta a allo ko littafi su ɗaga. Kurakuran su ne madubinsa. Wanda ya rubuta “sitop” saƙala wasali yake yi, yana buƙatar wasan tafi. Wanda ya rubuta “sop” bai ji baƙi na biyu ba, yana buƙatar akwatuna. Wanda ya rubuta “flan” a wurin “plan” matsalarsa daban ce: Hausa ba ta bambanta p da f, don haka sai an fara da “pan” da “fan” kafin a dawo kan cunkoso.

Sannan a rufe da jimla biyu ko uku da aka gina da kalmomin da aka koya, kamar “The frog can swim” ko “Musa can clap”, a tambaye su ma’anar da Hausa. Inda zai yiwu a kawo abin a nuna: tuta ga “flag”, ganga ga “drum”, tsintsiya ga “broom”. Yaron da ke furta kalma daidai amma bai san abin da take nufi ba, rabin aiki aka yi masa.

Duk wannan ba ya buƙatar fiye da kwata ko minti ashirin a rana, muddin kullum ne. A aji mai cunkoson yara, amsa ta bai-ɗaya takan ɓoye waɗanda ba su iya ba, domin leɓe kawai suke motsawa. Idan malami ya saurari yara biyar ɗaya-ɗaya kowace rana, a kwanakin makaranta ashirin zai ji muryar yaro ɗari.

Abubuwan da ke mayar da hannun agogo baya

Kuskuren da ya fi yawa daga bakin malami yake fitowa. Idan ya koyar da sautuka yana cewa “sa, ta, ba, la”, to shi ne ya shigo da ɗan kutsen da kansa, kuma yaron da ya haɗa “sa” da “ta” da “o” da “pa” ba zai taɓa isa ga “stop” ba. Na biyu shi ne tsayawa a kan sunayen haruffa da rera su, alhali sunan harafi ba shi ne sautinsa ba. Na uku shi ne bulala da dariya. Yaron da aka doke ko aka yi wa ba’a kan “sitof” ya koyi abu ɗaya tak, wato kada ya sake ɗaga hannu.

Akwai kuma wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Manufar aikin ba ita ce yaro ya yi magana kamar mai karanta labarai a Landan ba. Karin harshe ba cuta ba ne, kuma manyan masana da yawa na ƙasar nan da karin garinsu suke Turanci. Abin da ake so shi ne ya ga haruffa ya fitar da kalmar, ya ji kalma ya rubuta ta da haruffanta, ya kuma bambanta “sport” da “support”, “blow” da “below”. Idan ya kai nan, sauran ya rage tsakaninsa da kunnensa.

Wa ke da alhakin?

Ba a rasa masaniyar waɗannan dabaru a Arewa ba. Shirin Mu Karanta! Let’s Read!, wanda hukumar USAID ta tallafa wa a jihohin Bauchi da Sakkwato, ya fara da karatun Hausa sannan ya ɗora Turanci a kai. Shirin RANA, wanda Birtaniya ta ba da kuɗinsa ta hannun UNICEF, ya fara a Katsina da Zamfara da littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku. An kuma horar da malamai a jihohi da dama kan tsarin Jolly Phonics mai sautuka 42, da goyon bayan hukumar UBEC. Tun kafin waɗannan, gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci, aka ba su Turanci a matsayin darasi, ba su koma baya a Turancin ba.

Raunin shi ne yawancin shirye-shiryen baya-bayan nan da kuɗin waje suka tsaya, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID. Abin da ya rage shi ne tsarin gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa ilimin farko kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi, kuma an sha jin UBEC tana kukan biliyoyin naira na zaune ba a ɗauka ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantar gwamnati a cikin birnin Kano ko Kaduna zai iya ƙirga kawuna ya kwatanta da kansa. Kwalejojin ilimi kuma su ne ke yaye masu takardar NCE da ake tura wa aji ɗaya, kuma a can ne ya kamata ɗalibin malanta ya fara jin cewa gaɓar Hausa da ta Turanci ba gini ɗaya ba ne.

Sabuwar manufar ta ƙara wa wannan nauyi. Idan da Turanci za a koya wa yaro lissafi da kimiyya tun daga aji ɗaya, to duk jinkirin da ya samu wajen karanta “stop” da “plant” da “subtract” zai bi shi cikin kowane darasi. Gwamnatin da ta zaɓi Turanci ta ɗauki alkawarin koyar da shi yadda ya kamata, kuma wannan alkawari ne da ake iya binta bashinsa.

Matashin da ke son ya san halin da makarantar unguwarsu take ciki ba sai ya jira rahoton wata hukuma ba. Ya kira ƙaninsa ko ƙanwarsa da ke aji uku, ya rubuta kalma biyar: “stop”, “flag”, “hand”, “drum”, “milk”. Ya ƙara biyu da ya ƙirƙira, kamar “snop” da “flib”, waɗanda ba yadda za a yi a ce an haddace su. Idan yaron ya karanta duka, malaminsa ya cancanci a je a gode masa. Idan ya kasa, akwai tambayoyin da za a kai wa shugaban makaranta, da kwamitin al’umma mai kula da ita wanda aka fi sani da SBMC, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da hukumar SUBEB ta jiha: yaushe aka horar da malamin aji ɗaya kan koyar da sautuka, yara nawa ke gabansa, littafin karatu nawa suke rabawa, kuma shin jihar ta ajiye kasonta ta karɓo na UBEC na bana? Waɗannan tambayoyi suna da amsa da lambobi, kuma duk mai neman ƙuri’a da sunan ilimi ya kamata ya iya bayar da ita.